Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Tsohon Babur Tangaɗi a Guje, da Yadda Ake Gyara Shi

A gudun kilomita 80 a awa babur yana tafiya lafiya lau, inji na kuka daidai, hankalinka kwance. Ka ƙara totur, allura ta haura 110, sai ka ji kamar wani ya kama kariya ta baya yana jan ta hagu da dama. Ka sassauta, ya nutsu. Ka sake murɗawa, ya koma gidan jiya. Duk wanda ya taɓa riƙe babur ɗin da ya haura shekara arba'in ya san wannan faɗuwar gaban.

Abin da mutane suka fi yi daga nan shi ne su sayo na'urar nan mai rage kaɗawar sitiyari su ɗaura. Ni dai ina cewa a dakata. Da wuya ka ga tsohon babur yana tangaɗi saboda abu guda. Ƙananan sako-sako ne suke taruwa: rabin milimita a bushin, ɗan rami a boris, taya ta lafe, shok ya mutu. Kowanne shi kaɗai ba zai kayar da kai ba, amma idan suka haɗa kai a kan gudu sai su zama abu ɗaya mai ban tsoro. Aikin shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mai sauƙi.

Da farko, wace irin rawa yake yi?

Tun 1971 wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya nuna da lissafi cewa babur yana da rawa iri biyu a jikinsa, kuma kowane babur yana da su, sabo da tsoho. Bambancin kawai shi ne lafiyayyen babur yana kashe rawar da kansa kafin mahayi ya ji ta.

Ta farko ita ce girgizar kai. Sitiyari ne yake kaɗawa da sauri, wajen sau 6 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya, sauran jikin babur kuma bai cika motsi ba. Ta fi zuwa a matsakaicin gudu, tsakanin kilomita 50 da 80, musamman in ka saki totur ko ka ɗaga hannu ɗaya. Tana iya zuwa a babban gudu ma idan tayar gaba ta daki rami ko ta yi sauƙi. In ta yi tsanani, sitiyari har dukan tanki yake yi. Asalinta yawanci yana gaba: taya, wili, boris ɗin wuya, shok ɗin gaba.

Ta biyu ita ce tangaɗi. Wannan babur ne gaba ɗaya yake murɗa jiki kamar maciji, gindi ya yi hagu kai ya yi dama, a hankali, sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Kana iya ƙirga shi da baki. Yana ƙaruwa da gudu, ya fi tsanani a doguwar kwana mai ɗan tudu da kwari, kuma asalinsa yawanci yana baya ko a tsakiya: tayar baya, ƙarfen lilo (wanda ke riƙe da tayar baya), shok ɗin baya, kaya, firam.

Kafin ka taɓa sifana, samu takarda ka rubuta abu huɗu: a wane gudu yake farawa, kana ƙara wuta ne ko kana saki, a miƙe ne ko a kwana, kai kaɗai ne ko da goyo. Ka ƙara da tambaya ta biyar, wadda ta fi su duka: me aka canza a babur ɗin kafin abin ya fara? Sau da yawa amsar tana nan zaune.

Idan rawar ta kama ka a hanya, kada ka damƙe sitiyari da ƙarfi, domin hannu mai tauri yana kai rawar cikin jikinka ya mayar wa babur. Ka matse tanki da gwiwa, ka sunkuya gaba, ka rage totur a hankali. Kada ka cafki birkin gaba.

Mataki na 1: Sauke masa kaya

Cire akwatin baya, jakunkunan gefe, da duk wani gilashin tare iska da aka ɗaura a sitiyari ko a shok ɗin gaba. Nauyin da ke sama kuma bayan aksil ɗin baya shi ne babban abokin tangaɗi, ballantana in kariyar tana lanƙwasa. Gilashin da ke manne da sitiyari kuwa duk iskar da ta buge shi kai tsaye take juya tayar gaba. Dogon sitiyari mai faɗi ma yana da nasa laifin: yana zaunar da kai a miƙe, iska ta cika maka ƙirji da riga, ka riƙa jan hannu ba ka sani ba, gaba ya yi sauƙi. In ka cire waɗannan tangaɗi ya tafi, ka huta da sauran aikin. Sai ka mayar da su ɗai-ɗai ka ga wane ne mai laifin.

Mataki na 2: Taya

A nan na fi daɗewa, domin a nan aka fi kama ɓarawon.

Fara da iska, taya tana sanyi, da gejin da ka yarda da shi. Akwai tarko ɗaya: littafin babur na shekarun 1960 da 1970 an rubuta shi ne don tayoyin wancan zamani masu taurin gefe, shi ya sa za ka ga adadi ƙasa-ƙasa a ciki. Tayar yau, ko da zanenta irin na da ne, yawanci tana son iska fiye da haka. Nemi adadin da kamfanin tayar ya bayar don irin babur ɗinka, ka fara daga nan. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasa ya dawo kamar sifirin marar birki, kuma ita kaɗai ta isa ta haifar da tangaɗi.

Sai shekaru. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Idan lamba uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, kuma ba ta da sauran aiki a kan titi komai kyan zanenta. Tsofaffin babura sun fi fama da wannan saboda ba a cika hawansu ba: zane yana nan cif, roba kuwa ta zama katako. Danna farce a kai. In bai shiga ba, ka samu amsa.

Yanzu tsuguna a bayan babur ka dubi tayar baya daga ƙasa. Ya kamata ta zama a zagaye kamar bayan ƙwarya. In tsakiyarta ta lafe ta yi fili, gefe biyu suka yi kafaɗa, to duk lokacin da babur ya ɗan karkata sai ya hau kafaɗar ya faɗo, ya hau ɗaya ya faɗo. Tangaɗi ke nan. A gaba kuma, shafa tafin hannunka a kan zanen, gaba da baya. In ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, wannan tayar za ta girgiza kai.

Duba siririn layin da ke zagaye da taya kusa da bakin rim. Juya wili ka bi shi da ido: nisansa da rim ya zama ɗaya ko'ina. Inda ya nutse ciki, tayar ba ta zauna ba. Sace iskar, shafa ruwan sabulu a baki, sake hurawa har ta fito.

Abu na ƙarshe shi ne girma da aure. Tsofaffin rim sirara ne: WM2 faɗinsa inci 1.85, WM3 inci 2.15. In aka cusa musu taya mai faɗi don ado, sai ta matse ta yi tsini, siffarta ta lalace, babur ya riƙa faɗawa kwana yana rawa a miƙe. Koma girman da aka yi babur ɗin da shi. Kuma gaba da baya su zama 'yan gida ɗaya, samfurin da kamfani ya yi don su yi aiki tare. Haɗa tayar radiyal da mai saƙar gicciye a kan tsohon firam caca ce da ban ga dalilin yin ta ba.

Mataki na 3: Wili

Ɗaga babur a sitan na tsakiya, ka sa jak da katako a ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga ta gefe da gefe. Ko ƙwas ɗaya ka ji, boris ɗin wili ya tafi. Juya ta ka saurara: gurnani ko ƙara kamar yashi, shi ma haka.

Ɗauki ƙaramin sifana ka bi sifok ɗin wili ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai zaƙi, sako-sako kuwa sai ka ji shi dum. Wilin baya mai sakakkun sifok yana barin rim ya yi gefe a ƙarƙashin nauyi, kuma ba za ka gan shi da ido ba in babur na tsaye. Daga nan ɗaure waya mai tauri a jikin shok, bakinta dab da rim, ka juya wili. Yawancin littattafan gyara suna tsayar da iyaka a milimita 2, gefe da gefe ko sama da ƙasa. Ni in ya haura 1 nake gyarawa. Ɗaure sifok sana'a ce mai zaman kanta. In ba ka taɓa yi ba, kai wa wanda ya iya, don mai koyo yakan gyara gefe ya mayar da wilin ƙwai.

Sai daidaita nauyi. Cire birki daga hanya, ka bar wili ya juya ya tsaya da kansa, ka yi alama a ƙasa da alli. Maimaita sau uku. In kullum wuri ɗaya yake tsayawa, manna dalma a ɗaya ɓangaren har ya riƙa tsayawa inda ya ga dama.

Mataki na 4: Boris ɗin wuya

Tayar gaba tana sama har yanzu. Tsaya a gaban babur, kama ƙafafun shok daga ƙasa, ka ja su wajenka ka tura. Wani ya sa yatsa a inda wuyan firam ya haɗu da maƙallin sama. In ya ji motsi, boris ya saki. Yatsan nan yana da amfani, domin lalataccen bushin a cikin shok ma yana ba da irin wannan ƙwas ɗin, sai ka ɗora wa wuya laifin da ba nasa ba.

Yanzu riƙe ƙarshen sitiyari da yatsa biyu ka juya shi a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Abin da kake nema shi ne ɗan rami a tsakiya, inda sitiyari yake faɗawa ya tsaya cak kamar an sa masa maganaɗisu. Yawancin baburan wancan zamani, har da Honda CB750 ta 1969, ƙwallayen boris ne warwatse a wuyansu. Shekaru na dukan rami suna sa ƙwallayen su haƙa wa kansu gurbi daidai inda babur ke tafiya a miƙe. Babur kuwa yana tsayuwa ne da ƙananan gyare-gyaren da sitiyari yake yi da kansa; in ya maƙale a gurbi, sai ya jira har karkata ta yi yawa sannan ya ɓalle ya wuce gona da iri. Ɗauri ba ya gyara wannan. Canji ne kawai.

In za ka canza, sa boris mai gangara irin na rola, ya fi jure duka. Fitar da tsofaffin zobban daga wuya da dogon ƙarfe, kana bugawa kewaye kaɗan-kaɗan don kada su karkace, ka tabbata sababbin sun zauna har ƙasa. Cika su da giris. Wajen ɗauri: sassauta notocin maƙallin sama, ɗaure notin saiti da ɗan ƙarfi don komai ya zauna, juya sitiyari sau da yawa, sassauta, sannan ka ɗaure daidai inda motsi ya ɓace. Ka sani cewa babban notin sama in an ɗaure shi yana ƙara matse boris, don haka sai bayan ka ɗaure shi za ka yi gwaji. Gwajin shi ne: daga tsakiya, ɗan turi da yatsa ya sa sitiyari ya gangara gefe da nauyinsa, ba ya faɗi garam ba, ba kuma ya tsaya a hanya ba. Ka lura kada wayar kuloci ko ta totur ta riƙe shi ta ruɗe ka. Sako-sako yana kawo girgizar kai. Matsewa da yawa tana sa babur yawo a hanya kamar mai maye. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita ka sake dubawa, domin sabon boris yana ƙara zama.

Mataki na 5: Ƙarfen lilon baya

Wannan shi ne ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar baya, yana lilo sama da ƙasa a kan dogon shaf. Sama da ƙasa kaɗai aka yarda ya yi. In yana yin gefe, tayar baya ta zama sitiyari na biyu wanda ba kowa a kansa.

Kuskuren da ake yi shi ne gwada shi da komai a ɗaure. Sarƙa da shok suna riƙe shi su ɓoye motsin. Cire wilin baya, kwance shok biyun daga ƙasa, sannan ka kama ƙarshen ƙafafun ka tura hagu da dama da ƙarfi. Abin da ake so shi ne babu motsi ko kaɗan. Ka tuna da tsawon ƙarfen: ɗan sako-sakon da bai kai kaurin farce ba a wajen shaf, kafin ya iso inda taya ke taɓa ƙasa ya ninka sau da yawa.

Na taɓa shan wahalar wannan a kan wani tsohon mai silinda biyu. Na canza taya, na canza boris ɗin wuya, na zuba sabon mai a shok ɗin gaba, tangaɗi ya ragu amma yana nan daga 120. Sau biyu ina jijjiga tayar baya a sitan ina cewa lafiya take. Ranar da na cire shok, ƙarfen ya yi ƙwas-ƙwas a hannuna kamar ƙofar da ta saki. Da na zare shaf ɗin, sai ga shi ja wur da tsatsa, ya ci ya yi wuya a inda bushin ke zama, girisin ciki ya bushe ya zama gari. Ramin da ake ɗura giris ta cikinsa ya toshe tun ban san yaushe ba.

Wasu baburan Japan na shekarun 1970, irin su Yamaha XS650, da bushin na roba mai tauri suka fito daga kamfani, kuma masu su sun daɗe da sabawa da musanya shi da na tagulla ko boris mai allurai. In za ka yi haka, duba shaf da bututun da ke cikinsa, don sabon bushin a kan cinyayyen shaf aikin banza ne. Ɗaure notin shaf da ƙarfin da littafi ya faɗa. Bayan ɗauri, ƙarfen ya sauka da nauyinsa a hankali ba tare da ya maƙale ba.

Masu Norton Commando, wanda aka fara yi a 1967, nasu daban ne. Inji, giyabos da ƙarfen lilo duk a kan roba suke zaune, tsarin da kamfanin ya kira Isolastic, don kada girgizar inji ta kai ga mahayi. Ratar gefe da aka ƙayyade wajen milimita 0.25 ce, ana auna ta da siririn ma'aunin rata, a gyara da ƙananan wosha. Daga samfurin Mk III na 1975 aka koma saita ratar da noti mai juyawa maimakon wosha. In ratar nan ta buɗe, duk bayan babur yana yawo a cikin firam, kuma babu tayar da za ta gyara shi. Maƙalin da ke kan silinda ma a duba shi.

Mataki na 6: Shok na baya da na gaba

Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Ya dawo sau ɗaya ya tsaya. In ya yi tsalle biyu ko uku, man ciki ya gama aiki, sifirin kaɗai ya rage. Gwajin da ya fi wannan shi ne ka cire shok, ka zare sifirin da abin matse shi, ka ja sandar da hannu: ya kamata ta yi maka gardama, musamman wajen fitowa, kuma duka biyun su yi gardama iri ɗaya. Shok ɗin asali na shekarun 1970 da yawansu ko suna sababbi ba su da wani ƙarfi, balle yanzu. Sayen nagartattu guda biyu masu tsawon asali yana daga cikin kuɗin da ba a nadamar kashewa. Robobin idon shok ma a canza.

Auna nutsewa. Babur a ɗage, auna daga aksil ɗin baya zuwa wata alama a sama. Sauke shi, hau da kayan hawanka, wani ya riƙe, a sake aunawa. Bambancin ya zama kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na duk tafiyar shok ɗin. In baya ya nutse fiye da haka, gaba ya yi sauƙi, tangaɗi ya samu ƙofa. Ƙara matsin sifirin, kuma gefe biyu su kasance a mataki ɗaya. Na sha ganin ɗaya a na biyu, ɗaya a na biyar.

A gaba, zubar da tsohon mai. In ka ga ya fito baƙi yana wari, ko ƙafa ɗaya ta ba da rabin abin da ɗayar ta bayar, kada ka yi mamaki. Wanke, canza sil, zuba adadi da kaurin da littafi ya ce, ka auna tsayin man daga sama don ƙafa biyu su zo ɗaya. Auna tsawon sifirin biyun. Mirgina bututun a kan gilashi mai kauri: lanƙwasasshe zai riƙa ɗaga ciki, haske na wucewa ta ƙarƙashinsa.

Wajen mayarwa akwai tsari. Ɗaure maƙallan wuya da bututu biyu a tsayi ɗaya, sa wili, ɗaure notin aksil, amma ka bar notocin da ke matse aksil a ƙasan ƙafa da na madgad a sake. Sauke babur, kama birki, ka danna gaba sau biyar ko shida don ƙafafun su nemi wurin zamansu, sannan ka ɗaure. In ka ɗora gilashi a kan bututun biyu ya yi rawa, a murɗe suke, sai a sake kwancewa.

Mataki na 7: Shin tayoyin suna bin layi ɗaya?

Kada ka yarda da zanen da ke jikin abin jan sarƙa. A tsofaffin babura sau da yawa ƙarya yake yi. Samu dogon zare. Tsayar da babur a miƙe, zagaya zaren ta bayan tayar baya, a ɗan ɗage daga ƙasa yadda ba zai taɓa sitan ba, ka ja bakin biyu zuwa gaba ka ɗaure a jikin abu mai nauyi. Matso da kowane gefe har ya ɗan taɓa gaban tayar baya, taɓawa kawai ba lanƙwasa ba. Yanzu miƙe sitiyari ka auna rata tsakanin zare da tayar gaba a wuri huɗu. In faɗin ta baya milimita 110 ne, ta gaba 90, ya kamata ka samu 10 a ko'ina. In hagu 4 ne dama 16, juya notocin jan sarƙa har su daidaita, kana lura da sakin sarƙar.

In ka yi iya yinka sun ƙi, ko kuma ka sa ma'aunin magina a jikin wilin baya ya nuna tsaye, na gaba ya nuna karkace, to firam ko maƙallan wuya sun taɓa shan faɗuwa. Cire tanki ka haska fitila a kewayen wuya da wajen shaf ɗin lilo. Fenti da ya tsage a layi, ko siririn jan layin tsatsa a bakin walda, alamar karaya ce. Wannan ya wuce gyaran gida, sai wurin masu teburin miƙe firam.

Tun kana nan, bi duk notocin da ke riƙe da inji da sifana. A babura da yawa injin yana cikin abin da ke ba firam ƙarfi, kuma mai silinda biyu gwani ne wajen kwance notinsa da girgiza. Ramin da ya zama ƙwai saboda noti ya daɗe yana rawa a ciki, sai an cike shi an sake hudawa.

Idan wani ya taɓa canza tsayinsa

In ka ja layi ta tsakiyar wuyan firam har ƙasa, zai sauka a gaban inda taya ke taɓa titi, da wajen milimita 100 a yawancin baburan titi. Wannan ratar ce take sa tayar gaba ta riƙa miƙe kanta, kamar yadda tayar kujerar ofis take bin bayan ƙafarta. Duk abin da ya ɗaga baya ko ya sauke gaba yana rage ta. Ɗaga baya da milimita 25 yana miƙe wuya da kusan digiri ɗaya. Dogon shok, bututun gaba da aka zame sama ta cikin maƙalli, ƙaramin wilin gaba da aka aro daga wani babur, duk suna sa shi saurin shiga kwana, su kuma rage masa nutsuwa. Tsohon babur ya ratsa hannaye da yawa, kowa da dabararsa. Nemo ma'aunin asali ka mayar da shi can kafin ka yanke masa hukunci.

Akwai kuma waɗanda da halinsu aka haife su. Kawasaki H1 ta 1969 da H2 da ta biyo ta, injinsu ya fi ƙarfin firam ɗinsu, kowa ya san haka tun suna sababbi. BMW ma a 1973 ta ƙara wa ƙarfen lilon jerin /5 tsawon kusan santimita 5, abin da ya ba su ƙarin nutsuwa a guje. Irin waɗannan, gyara zai mayar da su yadda suka fito daga kamfani ne, ba zai mayar da su babur ɗin bana ba.

To, na'urar rage kaɗawar fa?

Yanzu ne lokacinta, in har ana bukata. Tana taimakawa a kan girgizar kai, musamman wadda rami ke tayarwa. A kan tangaɗi kuwa ba ta da magani, in aka matse ta da yawa ma ƙara shi take yi, domin tana ɗaure gaba da baya su riƙa rawa tare. Baburan Ingila da yawa suna da irin ta da, mai murfi a saman wuya da ake murɗawa ya matse faifai. Wannan in ta bushe tana kamawa ta saki, ta zama kamar boris mai rami. Kwance ta gaba ɗaya yayin duk gwaje-gwajen da ke sama. In za ka sa ta mai, fara da mataki mafi laushi, ka tabbata ba ta hana sitiyari kaiwa ƙarshe ba.

Gwaji

Gyara ɗaya, gwaji ɗaya, ka rubuta. In ka canza abu uku a rana ɗaya babur ya gyaru, ba ka san wanne ne ba. In ya ƙara lalacewa, nan ma ba ka sani ba. Hanya ɗaya za ka riƙa bi kowane lokaci, mai kyau, busasshiya, marar cunkoso, da iska ɗaya a taya da mai kusan ɗaya a tanki, hular kwano da cikakkun kayan kariya a jikinka. Gudun da ya wuce abin da doka ta yarda a titi, filin tsere ne wurinsa. Fara ƙasa da inda abin yake farawa da kilomita 20, ka riƙa ƙara 10, kana tsayawa a kowane mataki har ka ji yadda yake. Da ka ji alamar farko, sassauta, ka rubuta adadin da allura ta nuna. Ba sai ka jira ya girma ba. In a da yana farawa a 110 yanzu sai 125, gyaran da ka yi yana cikin masu laifi, saura na gaba a jerin. Sabuwar taya kuma a ba ta kamar kilomita 150 na tafiya a hankali kafin a gwada ta a guje, sannan a sake auna iskarta da safe tana sanyi.